Littafin Sunaye

Ka dawo daga Duwala da sabon takalmi
da sabuwar tambaya:
"Kawu Danra, mene ne amfanin rajista?
Allah bai san sunana ba sai kun rubuta?
Ga wa'azi a waya, ga waƙa a waya,
in na durƙusa a ɗakina, wa ya hana?"

Ba wanda ya hana, Taiwe.
Riƙe mini ƙusar nan, ƙafar bencin na rawa.

Ni ba tsarki ya kawo ni nan ba,
ruwa ne.
Shekarar da na sauka Garwa neman aikin auduga,
hadari ya rutsa da ni a Yelwa, ran wata Laraba,
na faɗa ƙarƙashin kwanon farko da na gani.
Mata bakwai na kiɗa tulu, suna koyon waƙa,
muryar ɗaya na turjewa kamar jaki a bakin gada.
Ita ta miƙo mini kunun gyaɗa a kofin roba.
Ita na aura.

Ba zan shafa maka mai a baki ba,
mu ba mala'iku ba ne.
Sanarwarmu ta fi wa'azi tsawo,
a faɗa da Faransanci, a juya da Fillanci,
a maimaita da Tupuri, a ƙarasa da Hausa,
kafin a ce amin miyar gida ta huce.
Mama Maiwore sai ta ƙirga baiko sau uku,
ba ta yarda da kowa ba, har da yatsunta.

Kuma a nan, gaban jama'a,
Dattijo Hinsu ya ce kuɗin rufi sun yi ƙafa a hannuna.
Jaka uku kacal!
Daga baya aka tsince su a cikin littafin waƙoƙi.
Wata tara ban taka wannan ƙofa ba.
Na yi addu'a a ɗaki, yadda kake so.
Allah ya ji, ban musa ba,
sai dai duk na iso kan gafara
harshena ya yi tuntuɓe.
Wa zan yafe wa? Bango?

A watan Agusta, Binuwai ta cika ta batse,
zazzaɓi ya ɗauke mini Dabora cikin kwana huɗu.
Tun kafin zakara ya yi cara
na ji ƙarar diga a laka.
Hinsu ne, wando naɗe har gwiwa.
Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba,
ya dai miƙo mini shebur.
Kwana bakwai zumuntar mata ba su bar murhuna ya mutu ba.
Da suka rera waƙar Laraba,
sai ta fito daidai, sumul, babu gargada,
nan ne fa na yi kuka.

Littafin nan ba don Allah aka rubuta shi ba,
shi ba ya mantuwa.
Don mu ne.
In gurbinka ya kwana Lahadi biyu babu kowa,
sai a duba suna, a tura yaro da keke.
Ran Jibin Ubangiji kuma,
gurasar daga hannu take zuwa hannu,
wani lokaci hannun da ya taɓa nuna ka.
Gwada ka ce wa waya ta miƙo maka.

Duba shafi na tara, layi na shida.
Ban soke sunanta ba,
ɗan gicciye na sa a gefe.
Ƙasan nan akwai fili.

Ga biro. Ko ka bari sai ka yi tunani,
ba a yi wa baftisma gaggawa.
Amma kama wancan gefen bencin mu shigar da shi,
hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
ga hadari kuma ya taso daga wajen Pitowa.